DUTSEN KWALLI DA DANGINSA: BAYANI GA JAMA'AR GWARZO DA KABO

Da wuya a shiga ɗakin matar aure a ƙasar Gwarzo ko ta Kabo a rasa tandun kwalli cikin kayanta. Amarya tana zuwa da nata, tsohuwa tana ajiye da nata, maza ma su kan sa ran Juma'a da ran Salla. 'Yan koli suna kasa shi a kasuwannin Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, wani a niƙe, wani kuwa ɗanyen dutse yana walƙiya a rana. Amma cikin masu saye da masu sayarwa kaɗan ne suka san ko wane irin dutse ne wannan, da inda ya fito, da abin da ke cikinsa.

To, dutsen nan shi ne mahaifar dalma. Daga gare shi a ke samun yawancin dalmar da duniya ke aiki da ita. Yana kuwa da dangi masu launi iri iri, waɗanda masu sha'awa ke saye su ajiye saboda kyawunsu. Muddin dutsen yana nan a dunƙule, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da zarar an daka shi ya zama gari, ya zama guba, musamman ga yara ƙanana. Ya kamata kowane magidanci ya san wannan bambanci.

Menene dutsen kwalli?

Masana duwatsu suna kiransa galina. Abu biyu ne suka haɗu suka yi shi, watau dalma da farar wuta, wadda a ke kira kibiritu. In an auna dutsen da ba shi da gauraye, za a tarar wajen kashi 86 cikin 100 na nauyinsa dalma ce, saura kuwa farar wuta. Sau da yawa a kan sami azurfa kaɗan a ɓoye cikinsa, don haka tun zamanin dā a ke haƙa shi saboda dalma da azurfa gaba ɗaya.

Ga yadda ya ke samuwa. Can ƙarƙashin ƙasa akwai ruwa mai tsananin zafi, wanda ma'adinai suka narke a cikinsa kamar yadda gishiri ke narkewa a ruwan miya. Ruwan nan ya kan bi tsagar duwatsu ya yi sama. Sa'ad da ya huce, sai ma'adinan su daskare a jikin tsagar, a hankali a hankali, har su cika ta. Abin da ya cika tsagar nan shi mahaƙa ke kira jijiya. In kuwa aka yi dace akwai ɗan kogo a cikin tsagar, sai dutsen ya sami sararin girma, ya fito da fuskoki sumul da kusurwoyi daidai wa daida, sai ka ce gwanin maƙeri ne ya goge shi. Irin wannan shi ne masu tara duwatsu ke nema.

Siffar da ya fi fitowa da ita ita ce ta ƙwayar sukari, mai fuska shida. Wani lokaci kuma ya kan fito da fuska takwas, kamar an haɗa gindin dala biyu. Dalili kuwa shi ne, ƙananan ƙwayoyin dalma da na farar wuta, waɗanda ido ba ya gani, a jere su ke sahu sahu, ɗaya na bin ɗaya. Haka ƙwayoyin gishiri ma su ke jere, shi ya sa siffarsu ta zo ɗaya.

Yadda a ke gane shi

Alama ta fari ita ce nauyi. Dutsen kwalli ya ninka ruwa nauyi wajen sau bakwai da rabi, ya kuma kusa ninka dutsen fā na gini sau uku. Wanda bai wuce girman ƙwan kaza ba ya kan kai wajen giram 400. Wanda bai saba ba, in ya ɗauka sai ya yi mamaki.

Ta biyu ita ce launi. Toka-toka ne mai ƙyalli kamar sabuwar azurfa, amma in ya daɗe a sarari sai ƙyallin ya dushe. Ta uku ita ce taushi. Wuƙa tana karce shi ba wuya, in kuwa an goga shi a bayan fasasshen tangaran sai ya bar zane baƙi-baƙi. Ta huɗu ita ce yadda ya ke fashewa. Ba ya fashewa barkatai kamar sauran duwatsu, sai dai ya rabu ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa, kowace kamar uwarta, gefensa kuma ya zama hawa hawa kamar matakala. Maganaɗisu ba ya jansa.

Nauyi da launi da siffa sun isa a gane shi. Ba a bukatar a fasa shi don gwaji, domin kowace fasawa tana fid da ƙura.

Inda a ke samunsa a Nijeriya

Babbar mahaƙarsa a ƙasar nan tana bin kwarin Binuwai ne, tun daga kudu maso gabas har zuwa arewa maso gabas. Akwai shi a Ishiagu da Enyigba ta wajen Abakaliki cikin Jihar Ebonyi. Akwai shi a Arufu da Akwana ta wajen Wukari cikin Jihar Taraba, da Zurak ta ƙasar Wase cikin Jihar Filato, da Gwana ta ƙasar Alƙaleri cikin Jihar Bauchi. A Jihar Kano kuwa, jijiyar Riruwai ta ƙasar Doguwa, wadda aka fi sani da kuza, tana ɗauke da dutsen tutiya da na dalma tare. Har wa yau a kan same shi cuɗe da zinariya a Zamfara da Neja.

Cinikinsa ba sabon abu ba ne. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Binuwai ke haƙa shi, fatake suna ɗauko shi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Baturen nan matafiyi Kilafaton, da ya zo Kano a 1824, ya lissafa kwalli cikin hajar da ya gani a kasuwar birni. Can baya kuma, mutanen Masar na zamanin Fir'auna da wannan dutse su ke yin nasu kwallin. A 1919 aka kafa ma'aikatar binciken duwatsu ta Nijeriya, ita ce ta bi jijiyoyin nan ta auna su ta sa su a taswira.

Amfanin dalma a yau yana da yawa. Fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar duniya a batirin mota da makamantansa ta ke ƙarewa. Ana kuma yin garkuwa da ita a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi na asibiti. A farkon zamanin rediyo, wajen 1920, ɗan guntun dutsen kwalli a ke sa wa akwatin, a ɗora masa siririyar waya, shi ne ke tsamo magana daga iska.

Danginsa masu launi

In jijiyar dutsen kwalli ta kusa da bisa ƙasa, iska da ruwan sama su kan ci ta shekara da shekaru. Dalmar sai ta rabu da farar wuta ko ta sāke haɗuwa da waɗansu abubuwa, a sami sababbin duwatsu waɗanda ba su kama da uwarsu ko kaɗan. Ga shahararru daga cikinsu.

Serusait fari ne ko garai-garai kamar ƙarau. In haske ya ratsa mai tsabtarsa sai ya watsa launuka kamar bakan gizo, har ya fi lu'ulu'u watsawa. Amma yana da taushi da saurin fashewa, don haka bai dace da zobe ko sarƙa ba. Ya kan girma a sarƙe kamar tauraro ko saƙar raga. Mafi shahara sun fito daga mahaƙar Tsumeb ta ƙasar Namibiya, wadda aka rufe a 1996.

Anglesait fari ne ko rawaya-rawaya. Ya sami sunansa daga tsibirin Angilsi na ƙasar Birtaniya, inda aka fara gane shi. Sau da yawa a kan same shi ya lulluɓe dutsen kwalli kamar ɓawo, tsakiyar kuwa tana nan da ƙyallinta.

Firomofait kore ne shar, wani kuma ruwan ƙasa. Ƙwayoyinsa masu gefe shida ne, kamar ƙananan ganguna a tsaitsaye. Ana samun masu kyau a Jamus da Sin da Amurka.

Wulfenait ruwan lemo ne ko rawaya, siffarsa falle-falle mai kusurwa huɗu, wani har haske na ratsa shi. An sa masa sunan wani masani mutumin Ostiriya, Wulfen. Jihar Arizona ta Amurka da ƙasar Meksiko sun yi suna da shi.

Banadinait ja ne wur kamar garwashi, mai gefe shida. Mafi yawan waɗanda ke yawo a kasuwar duniya daga Mibladen ta ƙasar Maroko su ke fitowa.

Kurokoyait ja ne mai ratsin lemo, dogaye sirara kamar tsinkayen tsintsiya. Daga cikinsa ne wani masani Bafaranshe, Bokelan, ya gano ƙarfen kuromiyam a 1797, watau ƙarfen da a ke shafa wa ƙarafan mota da na keke su yi ƙyalli. Tsibirin Tasmaniya na Ostireliya ya fi ko'ina samar da masu kyau.

Abin da ya haɗa su duka shi ne nauyi da taushi da dalma. Duk dutsen da ya yi launi mai ɗaukar ido, ya kuma fi ƙarfin girmansa nauyi, to, a yi zaton akwai dalma cikinsa.

Abin da masu tarawa ke dubawa

A ƙasashe da yawa akwai mutane masu tara duwatsu don sha'awa, kamar yadda wani ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Jami'o'i da gidajen tarihi ma suna ajiye su don koyarwa. Abin da su ke dubawa shi ne cikar siffa, da tsabtar launi, da ƙyalli, da kuma rashin tabo. Sun fi son dutsen da ke zaune bisa uwar dutsen da ya tsiro a kai. Suna kuma son a rubuta sunan wurin da aka haƙo shi, domin dutsen da ba a san asalinsa ba darajarsa ta ragu.

A nan akwai abin lura ga mahaƙa. Dutse mai cikakkiyar siffa, in an fasa shi, ya koma tsakuwar da a ke sayarwa a kan sikeli. Watau guduma tana karya darajarsa, sa'an nan ta fid da gubarsa. Barinsa a dunƙule ya fi riba, ya kuma fi lafiya.

Inda haɗarin ya ke

Taɓa dutsen da hannu ba ya sa dalma ta ratsa fata yadda za ta yi lahani. Ƙofofinta biyu ne, baki da hanci. Ƙurar dutsen ta kan sauka bisa abinci da tabarma da tufafi da ƙasar tsakar gida. Yaro mai rarrafe kuwa kome ya samu sai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma babu wani gwargwado nata a jini da za a ce ba ya cutarwa.

In ta shiga jiki sai ta bi jini zuwa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, sa'an nan ta kwanta cikin ƙashi da haƙora shekaru masu yawa. Mace mai ciki, dalmar da ke kwance cikin ƙashinta ta kan taso ta isa ga ɗan da ke cikin. In kaɗan ce, ba a ganin alama. Yaro yana wasa, yana cin abinci, amma basirarsa tana raguwa, sai an sa shi makaranta a ga karatu ya ƙi zama. In ta yi yawa sai a ga ciwon ciki, da amai, da ƙarancin jini, da kasala, da yawan kuka, daga nan sai jijjiga da suma. Ga manya kuwa tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda da ɓari.

Abin da ya faru a Zamfara

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a waɗansu ƙauyuka na ƙasar Anka da Bukkuyum. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magani bai yi aiki ba. Da aka auna jinin yaran sai aka tarar dalma ce.

Asalin abin shi ne, farashin zinariya ya hau, mutane suka dukufa haƙa. Dutsen da ke ɗauke da zinariyar kuwa cike ya ke da dalma. Maza suna kawo shi gida a buhu, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke wasa. A ƙauyuka biyu da aka fara bincikawa, an tarar ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Jimlar yaran da suka rasu ta kai 400 ko fiye, dubbai kuma suka kamu. Sunayen Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega sun zaga duniya saboda wannan masifa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje da ta tituna aka binne ta, aka zuba sabuwa, kafin magani ya yi amfani. Aikin Bagega sai a 2013 aka yi shi.

Masana da suka auna dutsen sun gano cewa yawancin dalmarsa ta riga ta juye ta zama irin su serusait, waɗanda ke narkewa nan da nan cikin ruwan tumbi. Watau farin dutsen nan da a ke ajiyewa a akwatin gilashi don ƙawa, garinsa ya fi na dutsen kwalli kansa saurin shiga jini. A 2015 irin wannan ta sāke aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Daga Gwarzo hanya ta miƙe zuwa Dayi da Malumfashi da Funtuwa har Gusau. Saurayin da ya tafi ci-rani wurin haƙar zinariya yana iya komowa da buhun dutse, ko da ƙura a rigarsa da takalminsa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Kwalli a idon jariri

Kwallin da aka niƙa daga dutsen nan garin dalma ne, ba wani abu ba. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da a ke sa masa ne, wanda aka saya a Nijeriya. Da aka auna shi, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce.

Hanyar shigarsa a fili ta ke. Jariri ya murza ido, ya sa yatsa a baki. Hawaye kuma yana da 'yar kafa da ke zubar da shi cikin hanci, daga nan zuwa maƙogwaro. Abin da a ke sa masa kullum safiya, kaɗan kaɗan, shi ke taruwa.

Malamai sun ambaci falalar kwallin ismidi, wannan kuwa ba abin ja ba ne. Masana da yawa suna fassara ismidi da wani dutse dabam, na antimoni, wanda ba dalma ce ta yi shi ba. Shi dogaye ne kamar allurai, bai kai dutsen dalma nauyi ba, kuma harshen kyandir yana narkar da ɗan siririnsa. Amma in an niƙa su, ido ba ya raba garin wannan da na wancan, sunan da mai talla ya kira hajarsa kuwa ba shaida ba ne. An sha auna kwallin kasuwa a ƙasashe dabam dabam a sami dalma mai yawa a ciki. Don haka abin da ya fi shi ne a bar idon jariri yadda Allah ya halicce shi. Kada garin neman gira a rasa ido.

Ƙa'idodin da ya kamata a kiyaye

1. Kada a sa wa jariri ko ƙaramin yaro kwallin dutse, ko a ido, ko a gira, ko a cibiya. Mai ciki da mai shayarwa su ma su haƙura da shi.

2. Kada a daka ko a niƙa dutsen ma'adini a cikin gida. Turmi da dutsen niƙa da injin da ke taɓa abinci kada su taɓa shi.

3. Mai aikin haƙa ya jiƙa dutse da ruwa kafin ya fasa, ya rufe hanci da baki. In ya tashi ya yi wanka, ya sāke tufafi da takalmi tun a wurin aiki, kada ya shigo da su gida.

4. Wanda ya ajiye dutse don sha'awa ya sa shi cikin akwati mai murfi, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada a lasa, kada a jiƙa a sha da sunan magani, kada a sa a wuta, domin hayaƙinsa guba ne. Bayan an taɓa a wanke hannu da sabulu.

5. A riƙa wanke wa yara hannu kafin cin abinci. A ba su nono da wake da zogale da kifi da nama gwargwadon hali, domin yaron da ke cikin yunwa ya fi saurin tsotse dalma.

6. Yaron da a ke zaton ya haɗiyi dalma a kai shi asibitin Gwarzo ko wanda ya fi kusa, a gaya wa likita gaskiyar abin da a ke yi a gidan. Awon jini kaɗai ke nuna ta. Akwai maganin da ke fid da ita daga jini, amma ba ya mai da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa, ba ya kuma amfani in yaro ya koma cikin ƙurar.

7. Wanda ya ga alamar jijiya a gonarsa ya sanar da dagaci, dagaci ya kai ga hakimi da ƙaramar hukuma. Bisa dokar ma'adinai ta 2007, dukan ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa suna hannun Gwamnatin Tarayya, ba a haƙa su sai da lasin.

Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da malaman makaranta, da ungozomomi da duba-gari, su bayyana wa jama'a abin da ke cikin wannan takarda. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma tabbata maganar ta shiga cikin gida wurin mata, domin a hannunsu tandu ya ke. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye zuriya, amin.